Tafiya Babu Sallama: Abin da Yanke Kwantiragin Koyarwa a Waje Ke Yi wa Bizar Aiki

A nan jihar Maraɗi, malamin kwantiragi da aka tura wata makarantar ƙauye a Dakoro ko Mayahi, idan abin ya ishe shi ya ajiye alli ya koma kasuwa, iyakar abin da zai same shi shi ne a tsayar da kuɗinsa na wata, a cire sunansa daga jerin malamai. Daren nan a gidansu zai kwana, kuma babu ɗan sandan da zai tare shi a hanya ya ce ina takardar zamanka. Da wannan tunanin malamanmu na Faransanci, lissafi, Larabci da Alƙur'ani ke shiga jirgi idan sun samu aiki a waje, kuma shi ne yake kai su ya baro. A can, ranar da ka daina zuwa aji, ba albashi kaɗai ka taɓa ba. Ka taɓa dalilin da ya sa aka yarda ka kwana a ƙasar.

Takardu biyu ne a hannunka, mutane na haɗa su wuri ɗaya alhali kowace da mai ita. Kwantiragi tsakaninka da makaranta ne, rigimarsa ta kuɗi ce, kotun ƙwadago ke raba ta. Biza da izinin zama kuwa tsakaninka da hukumar ƙasar ne. Abin da ya ɗaure su shi ne makarantar ce ta nema maka izinin, da sunanta aka rubuta shi, ita ta tsaya maka. Saboda haka doka ta ɗora mata ta sanar da hukuma idan ka daina yi mata aiki. Ba mugunta ba ce idan darakta ya kai rahoto. In bai kai ba shi za a hukunta. A Ingila kwana 10 na aiki aka ba makaranta ta yi hakan. Abin lura shi ne rahoton ba dogon labari ba ne da za a ji uzurinka a ciki. Kalma ɗaya ce ake zaɓa a cikin kwamfuta: ya kammala, ya yi murabus, an kore shi, ko ya ɓace. Malamai biyu za su iya barin makaranta ɗaya a mako ɗaya saboda dalili ɗaya, na farko ya samu sabon aiki bayan wata guda, na biyu ya ƙare a gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Bambancinsu wannan kalmar ce kawai, wato ko sun yi sallama ko ba su yi ba.

Mu tsaya a Saudiyya, domin can ne zuciyar mutanenmu ta fi karkata, kuma can ne aka fi rikita tsohuwar doka da sabuwa. Kwantiragin baƙo a can dole ya zama rubutacce kuma mai wa'adi. Sashe na 77 na dokar ƙwadago ya ce wanda ya yanke irin wannan kwantiragi ba tare da halastaccen dalili ba, idan takardar ba ta ambaci wata diyya ta daban ba, zai biya ɗaya ɓangaren albashin duk watannin da suka rage, kuma kada ya gaza na wata biyu. Mutane sun saba jin wannan a kan makaranta idan ta yi kora, sun manta cewa wuƙar baki biyu gare ta. A ce malami ya sa hannu a kan shekara biyu, albashinsa riyal 4,000, ya tafi bayan wata 8. Wata 16 suka rage, riyal 64,000 ke nan. Idan aka ƙaddara riyal ɗaya a sefa 150, ana maganar miliyan 9 da jikka 600, kuɗin da bai taɓa riƙewa ba tun da ya je. Ban da haka, tikitin komawa gida da doka ta ɗora wa makaranta a ƙarshen kwantiragi ya koma wuyansa, tunda shi ya nemi tafiya.

Akwai kuma kuɗin sallama. Wanda ya kai ƙarshen wa'adinsa yana da rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko. Wanda ya yi murabus kafin cika shekara biyu ba shi da ko sisi. Daga shekara biyu zuwa biyar sulusi yake samu. Daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku. Malamin da ya ajiye aiki a wata na 23 ya zubar da komai saboda makonni huɗu.

To amma ƙofa ba a rufe take ba, kuma nan ne masu cewa kafil, wato wanda ya tsaya maka a kan izinin zama, ya mallake ka har abada suka tsaya a tsohon labari. Tun 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani ko makaranta mai zaman kanta da ya cika shekara ɗaya zai iya neman komawa wani wurin ta shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago mai suna Qiwa ba sai kafil ya amince ba, matuƙar ya cika wa'adin sanarwa, kuma zai iya neman bizar fita ta ƙarshe da kansa ta shafin gwamnati na Absher. Idan aka yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko aka bar iƙamarsa, wato katin izinin zamansa, ta mutu ba a sabunta ba, ba ya ma buƙatar jiran shekarar. Gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya ƙara fayyace murabus: ka rubuta, idan kwana 30 suka wuce ba a ba ka amsa ba an ɗauka an karɓa, makaranta kuma tana iya ɗage karɓar zuwa kwana 60 idan ta bayyana dalilinta a rubuce. A duk tsawon wannan jira kwantiragi na nan da ransa, ma'ana kana shiga aji kullum. Yawancin masu faɗawa rami a nan suke faɗawa: su miƙa takarda ranar Lahadi, su daina zuwa ranar Litinin, suna ganin sun gama.

Wanda ya ɗauke ƙafa fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekara, babu uzuri, ya ba makaranta damar korarsa ba diyya ba kuɗin sallama bayan ta yi masa gargaɗi a rubuce. Daga nan sai a shigar da shi a matsayin wanda ya yanke zuwa aiki. Yana da kwana 60 ya samu sabon kafil ko ya fita. Idan suka ƙare bai yi ko ɗaya ba, ya zama abin da mutanenmu na can har yanzu suke kira hurub. Mai hurub ba ya sabunta iƙama, ba wata makaranta ta ƙwarai da za ta ɗauke shi, kowane shingen ƴan sanda barazana ne gare shi, kuma hanyarsa ta gida ta tarhil ce, gidan tara waɗanda za a kora, inda ake ɗaukar zanen yatsunsa a hana shi dawowa aiki. Mutum ya bar Maraɗi da digiri da jakar littattafai, ya dawo da leda ɗaya.

A Daular Larabawa, dokar da ta fara aiki a 2 ga Fabrairu 2022 ta fi sauƙi a kan kuɗi. Kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen kwantiragi da sanarwar da ba ta gaza kwana 30 ba kuma ba ta wuce 90 ba, gwargwadon abin da aka rubuta. Wanda bai cika ta ba zai biya albashin kwanakin da ya tsallake. Tarkon yana cikin lokacin gwaji, wanda ke iya kaiwa wata shida. Mai son barin ƙasar a cikinsa sanarwar kwana 14 zai bayar. Mai son komawa wata makaranta a cikin ƙasar ta wata ɗaya, sabuwar makarantar kuma ta mayar wa tsohuwar kuɗin da ta kashe wajen kawo shi. Wanda ya fice bai bi wannan ba, shekara ɗaya ba za a ba shi izinin aiki ba. Rashin zuwa aiki na fiye da kwana 7 a jere ba tare da an san inda kake ba ya isa a kai rahoton gudu. A Katar ma tun 2020 aka soke takardar amincewar kafil, abin da ya rage sanarwa ce: wata ɗaya ga wanda bai wuce shekara biyu ba, wata biyu ga wanda ya wuce.

Akwai wata takarda a Daular da ya kamata a dube ta da idon basira. Ranar soke izinin aiki za a miƙo maka fom, sau da yawa a tsaye a ofishin akawu, da biro a kai, ana cewa sa hannu nan mu gama maka da wuri. A cikin layukansa akwai wanda ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka. Idan albashin watan ƙarshe da kuɗin hutun da ba ka ci ba ba su shigo asusunka ba, sa hannun nan ya zama shaida a kanka. Doka ta ba makaranta kwana 14 daga ƙarshen kwantiragi ta biya. A ga saƙon banki tukuna.

Sin kuwa wani salo ne. Ana koyar da Hausa a jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing, ana kuma neman malaman Faransanci a wasu biranen, don haka ba ƙasa ce da ta yi mana nisa kamar da ba. Dokar kwantiragin aiki ta can ta yarda ma'aikaci ya tafi da sanarwar kwana 30 a rubuce, kwana 3 idan yana gwaji. Sai dai izinin aikin baƙo a ɗaure yake da makaranta ɗaya, kuma sabuwar ba za ta iya nema maka nata ba sai tsohuwar ta soke wanda ke hannunta ta ba ka takardar sokewa da takardar sallama mai jan hatimi. Makarantar da ta ji haushi ba sai ta kai ka kotu ba. Jan ƙafa kawai za ta yi, kwanakinka na ƙarewa. Zarce wa'adi tarar yuwan 500 ne a kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Fara koyarwa a sabon wuri kafin izini ya fito kuwa aikin haram ne a idon doka, ko da sabon daraktan ya rantse maka takardu suna hanya.

Ingila da Kanada ba sa ɗaukar barin aiki a matsayin laifi. A Ingila, bayan rahoton makaranta ana rage bizar zuwa kwana 60, ko abin da ya rage mata idan bai kai haka ba. Cikin su za ka samo wata makarantar mai lasisin ɗaukar baƙi ka sake neman biza, ko ka tafi. A Kanada, inda mai Faransanci ke da ƙofa ta musamman a lardunan da ba Kebek ba, izinin da ke ɗauke da sunan makaranta ɗaya ba ya mutuwa don ka bar ta, kana iya zama har ranar da aka rubuta a kansa, amma ba ka da ikon yi wa kowa aiki da shi. Zama babu albashi a ƙasar da haya ke cin rabin kuɗin wata shi ke tura mutane aikin ɓoye, shi kuma aikin ɓoyen ne ke kashe takardun, ba barin makarantar ba. Wanda ake zalunta a wurin aiki yana da damar neman buɗaɗɗen izini da aka tanada tun 2019.

Kusa da gida, malamin Faransanci da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya samu aiki a wata makarantar kuɗi a Katsina ko Kano ba ya tunanin biza sam, domin tun yarjejeniyar 1979 ta Cedeao, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ɗan yankin ke shiga ya yi kwana 90 ba biza. Amma kwana 90 ziyara ce, zaman aiki yana da katinsa, kuma Nijar ta fita daga Cedeao a 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna kai da komo har sai an ji wata sanarwa, wanda ke nufin alfarma ce ta wucin gadi. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, albashin da ake aikowa gida ya zama kaɗan idan aka juya shi sefa, shi ya sa ajiye aiki a tsakiyar zango ya yawaita a zukatan mutane. A can abin da ake riƙe malami da shi ba kwamfutar hukuma ba ce, takardun karatunsa ne na asali da ya miƙa ranar ɗaukarsa, da albashin watan ƙarshe. Kada a taɓa ba makaranta takardar asali ta ajiye. A nuna, a bar kwafi mai hatimi.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko abin zai bi mutum zuwa wata ƙasa. Hanin da ƙasa ta yi maka a kan yanke kwantiragi nata ne, a iyakarta yake tsayawa. Amma yana fita ta wasu ƙofofi uku. Fom ɗin biza na Ingila da Kanada da Amurka na tambaya ko an taɓa korarka daga wata ƙasa ko hana ka biza. Faɗin gaskiya na iya jawo ƙarin tambayoyi, ƙarya kuwa idan aka gano hanin shekara 10 ne a Ingila, 5 a Kanada. Sannan aikin koyarwa aiki ne da yara, saboda haka ana neman kaziye, takardar shaidar rashin laifi, ba na kotun Maraɗi kaɗai ba, har da na ƙasar da ka zauna a baya, kuma wanda ya fita ta bayan gida da wuya ya samu wannan takarda daga nesa. Ta uku ita ce shaidar darakta na ƙarshe, wadda makarantun ƙasa da ƙasa ba sa wasa da ita, kuma daraktocin nan sun san juna. Masu cewa a canza fasfo, musamman yanzu da na ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ya fito, su sani lamba ce ta canza, yatsu da idanu na nan yadda suke, kuma su na'urar filin jirgi ke karantawa.

Idan makaranta ce ta fara saɓa alkawari, doka na tare da malami, amma sai ya yi haƙurin bin ta. Sashe na 81 a Saudiyya ya ba shi damar tafiya ba sanarwa da cikakken haƙƙinsa idan ba a cika masa muhimman sharuɗɗa ba, ko an yaudare shi a kan aikin, ko an ci zarafinsa. Sai dai ba shi ne zai yanke wa kansa hukunci a ɗakinsa ba. Ƙara ake shigarwa a ma'aikatar ƙwadago, a zauna sulhu cikin kwana 21 na aiki, in an kasa a wuce kotu, kuma bayan wata 12 da rabuwa ba a sauraron ƙarar. Wanda ya riga kai ƙara ya fi wanda aka riga aka kai rahotonsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Shaidar da ke aiki ita ce takardar banki mai nuna watannin da ba a biya ba, jadawalin aji idan an yarda da awa 24 ana sa ka 34, da saƙonnin da ka tura kana ƙorafi masu ɗauke da kwanan wata. Alkawarin da dillali ya yi maka da baki a wani ofishi a Yamai ba ya cikin lissafi, domin kwantiragin da aka yi wa rajista a can, mai Larabci, shi alƙali zai buɗe. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba ya yi cinikin biri a sama. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a Saudiyya da Daular duka, ana kai ƙararsa shi kaɗai.

Tsarin tafiya mai kyau ba shi da wuya, jerinsa ne ba ya son a juya shi. A fara karanta sashen sanarwa da na mayar da kuɗi, domin kwantiragi da yawa na cewa wanda ya tafi kafin wa'adi zai mayar da kuɗin jirgi da na kayan ɗaki. A duba ko ana rage su gwargwadon watannin da aka yi. A samu tayin sabon wuri a rubuce kafin a buɗe baki. A rubuta takardar murabus gajera, layi biyar sun isa: suna, lambar iƙama, ranar rubutawa, ranar aiki ta ƙarshe, godiya. Babu zagi, babu tarihin ɓacin rai, domin takardar nan za ta iya zuwa gaban alƙali. A kai kwafi biyu, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka, a kuma tura ta imel. Idan da hali a daidaita ranar ƙarshe da ƙarshen zangon karatu, a miƙa makin jarrabawa da rajistar aji da makullai a karɓi rasit. Daraktan da ba a bar masa aji babu malami ana saura mako biyu jarrabawa ba, shi ne ke yarda a rubuta an rabu bisa yardar juna, kuma wannan jimlar ce ke goge diyya.

Gidan da kake ciki, idan na makaranta ne, yana ƙarewa tare da aikin, haka inshorar asibiti, haka izinin zaman mata da yara da ke rataye da naka. Bashin banki da ba a biya ba na iya sa a tsayar da mutum a filin jirgi a ƙasashen Larabawa. A Saudiyya bizar fita ta ƙarshe kwana 60 take yi, kuma ba ta fitowa matuƙar akwai tarar hanya da ba a biya ba ko mota da sunanka. Wanda ya saya wa abokinsa mota da iƙamarsa sai ya nemo shi an canza suna kafin ya sayi tikitin Yamai.